Waigin Injiniya

Bango ɗaya ne tsakanin shagona da na kafinta, yau shekara tara. Ni ina gyaran waya, shi yana buga kujeru. Duk abin da zan ba ku da idona na gani, wanda ban gani ba kuma ta bango na ji, domin bawan Allahn nan bai san yadda ake magana a hankali ba.

Kuma kada ku kuskura ku ce masa kafinta a gaban idonsa. Injiniya ne. A saman ƙofarsa akwai allo mai faɗin katifa, an rubuta da manyan baƙaƙe: INJINIYAN KATAKO, KUJERAR DA BA TA RAWA. Ƙarƙashin rubutun ya zana taurari biyar da jan fenti, da hannunsa.

Injiniya ba ya amfani da tef. Ya ce tef na 'yan koyo ne, shi idonsa ya fi kowane awo. Zai ɗaga katako, ya kanne ido ɗaya, ya yanke. Saboda haka da wuya ka samu ƙafafun kujerarsa huɗu sun yi shawara sun tsaya a tsawo ɗaya. In mai saye ya zauna kujera ta yi ƙwas-ƙwas, amsa ɗaya ce: “Ƙasa ce ba daidai ba.” Yana faɗa hannunsa yana laluben takarda mafi kusa, ya ninke ta huɗu, ya cusa ƙarƙashin gajeriyar ƙafar. Ya daɗe yana yi har hannun ya daina neman izininsa. Jaridata ta tafi a haka. Katin asibitin mai shayi ya tafi a haka. Mu 'yan layin muna kiran takardar waigi, wato abin tokare ƙafar kujera, shi kuma a bayan idonsa Injiniya Waigi.

Laifina ɗaya a wannan labari: ni na saka masa shagonsa a manhajar nan ta waya, inda mutane ke neman shaguna, su ba su taurari, su rubuta abin da suka gani. Wata shida yana da taurari biyar cif. Mutum bakwai ne suka ba shi, kuma duk bakwan na san su, domin a gidansa suke kwana ko suke cin abinci.

Ranar wata Talata da safe ya faɗo shagona ko sallama babu, waya a hannu, gumi har wuya.

“Mai waya, manhajar nan ta lalace. Taurarina sun zube.”

Na duba. Ba ta lalace ba. Wani ne mai kiran kansa Mai Ciwon Ƙugu ya ba shi tauraro ɗaya tak, ya rubuta: “Shekara goma sha ɗaya ina zama a kan kujerar mutumin nan. Ba ranar da ba ta yi rawa ba. In ka yi magana ya ce ƙasa ce. Ƙuguna ya gama aiki.”

Na karanta masa da ƙarfi, ina cije leɓe.

“Goge shi,” in ji shi.

“Ba ya goguwa, Injiniya. Wanda ya rubuta ne kaɗai zai iya cirewa.”

“A shagona? A ƙarƙashin sunana? Kowane mai waya sai ya zo ya faɗi abin da ya ga dama?”

“Ai abin da aka yi wurin dominsa ke nan.”

Sai ya fita tsakiyar layi, ya ɗaga waya sama kamar mai neman sabis. Mai shayi ya bar tukunya, tela na tsallaken hanya ya tsayar da keke, masu wucewa suka ja birki.

“Jama'a ku shaida! An ɓata mini suna, kuma kotu ce za ta raba mu. In aka samu kujerata ɗaya, ɗaya tak, da ke rawa, da hannuna zan sauke allon nan. Daga ranar kuma kowa ya kira ni kafinta!”

Mai shayi ya ce, “Maimaita, ban ji ƙarshen ba.”

Ya maimaita. Wayoyi uku suka ɗauka.

Matakin farko, ya ce sai an mayar da martani. Ya zauna a kan bencina yana shifta, ni ina rubutawa. Na roƙe shi mu ce mun gode, za mu duba. Ina! Ya ce in rubuta cewa Mai Ciwon Ƙugu maƙaryaci ne, mahassadi, ƙugunsa tun haihuwa a karkace yake, kuma duk wanda ya taɓa ganin kujerar Injiniya tana rawa ya fito da hoto in ya isa.

Ashe sun isa. Kafin azahar hotuna goma sha huɗu sun shigo. Ga ƙafar kujera da kwalin sabulu a ƙarƙashi. Ga wata da murfin kwalba. Wata mata ta turo hoton littafin lissafin ɗanta, ta ce tun bara suke nemansa. Wani ya rubuta cewa shi bai san yana iya rawa ba sai da ya sayi kujerar cin abinci a wurin Injiniya.

“Haɗin baki ne,” in ji Injiniya. “Zan cika su da masoya.”

Mataki na biyu ke nan. Ya bi layi shago-shago, ya bi dangi gida-gida, yana karɓar wayoyin dattawa yana buɗe musu shafin. Abin da ya ce wa kowa shi ne: “Ku nuna wa duniya ni ne na ɗaya.” Suka nuna kuwa. Kowane dattijo ya dubi taurari biyar a jere, ya tuna zamanin makaranta, ya danna na ɗaya. Yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba shi tauraro ɗaya ya rubuta: “Ƙanina ne. Tun yana yaro ba ya wuce ɗaya.”

Da na yi masa bayani sai da na ba shi ruwa.

A ranar matarsa ta kawo masa abincin rana kamar kullum. Mace ce mai shiru-shiru, ba ka jin muryarta sai in ta gaishe ka. Ta ajiye kular a kan tebur, ta miƙe a hankali, hannu ɗaya a bayanta.

“Maigida, da ka bar maganar nan haka.”

“Ke me kika sani game da suna? Wannan harkar maza ce. Koma gida ki zauna.”

“A kan me?” ta ce.

“A kan umarnina!”

Ta dube shi, ta dube ni, ta ɗauki kular jiya ta tafi.

Lauyan da ya samu wani siriri ne mai tabarau, mai ofis a saman kantin magani. Ni na raka shi, don ni ne, in ji shi, masanin fasaha. Lauya ya karanta sharhin sau biyu, ya cire tabarau.

“Tambaya ɗaya, Injiniya. Kujerar tana rawa?”

“Ƙasa ce ba daidai ba.”

“Ba ƙasa na tambaya ba. Ka ga, in mutum ya yi maka ƙarya a bainar jama'a, muna da magana. In abin da ya same shi ya faɗa, bakinsa ne, ba mu da hurumi. Shawarata ka kira shi ka gyara masa kujera.”

“Lauya nake nema ko mai wa'azi?”

“To, ya rage naka. Amma ba a kai ƙarar ciwon ƙugu. Sai ka kawo mini mutum mai suna da adireshi.”

Injiniya ya ce wannan ai wasa ne, shi da ido yake gane katako mai ɓoyayyen tsagu, balle mutum. Kwana biyu ya zauna a ƙofar shago da littafi, yana rubuta duk wanda ya wuce riƙe da ƙugu. Ya cika shafi huɗu. Duk wanda ya haura arba'in a layinmu ya shiga, har da ni. Ran na uku tela ya tashi daga kan keke zai miƙa wa wata mata ɗinkinta, ya dafa baya ya ce, “Wash!”

Injiniya ya tsallaka hanya bai ko duba mota ba.

“Na kama ka! Shekara nawa da sayen kujerar nan a wurina?”

Tela dattijo ne mai tsoron hayaniya, ko almakashi ya faɗi sai ya firgita. Ya ce, “Za a yi goma sha ɗaya.”

“Tana rawa?”

“To… tana ɗan gaisawa.”

“Kun ji! Ya amsa da bakinsa!”

Tela ya zaro wayarsa daga aljihu, 'yar ƙarama mai madannai, an ɗaure ta da roba. “Injiniya, dubi abin da nake riƙewa. Wannan ko hoto ba ta ɗauka. Tocila ce kawai ke aiki sosai.”

“Dabara ce. Manyan masu laifi duk irin ta suke riƙewa.”

Na rantse masa cewa wayar nan ba ta san akwai intanet a duniya ba, ni na sha gyara ta. Ya ce ashe da ni a ciki. Bayan mako biyu sammaci ya iso shagon tela, kuma wallahi a nan dariya ta ɗan tsaya mini. Dattijon bai taɓa taka kotu ba. Ya daina cin abinci sosai, ya ɗinka wa wani hannun riga a wuya. Kullum sai ya tsallako ya tambaye ni ko ana ɗaure mutum a kan “wash”.

Shi kuwa Injiniya ya rufe kansa a shago kwana uku yana ƙera abin da ya kira babbar shaida: kujera sabuwa fil, katako mai nauyi, ya shafe ta da man ƙyalli har kana ganin fuskarka. Ranar shari'a ya ƙi yarda a saka ta a mota, a kansa ya ɗauko ta. Rabin layinmu suka rufe shaguna suka bi shi a baya. Mai shayi ya ce shi ko ɗaurin aurensa bai yi ɗokinsa haka ba.

Ɗakin kotun ƙarami ne, fanka ɗaya, benci shida, ƙasa kuwa tayil ne sumul kamar faranti. Tela ya zauna a gefe ya ƙanƙame hularsa. Matar Injiniya tana can benci na ƙarshe. Kafin mai shari'a ta shigo, Injiniya ya sauke kujerar a gaban teburin lauyansa. Ta taɓa ƙasa ta ce ƙwas.

Ni ina kallo. Idonsa yana kan jama'a, yana ɗaga musu hannu kamar ɗan takara. Hannu ɗayan kuma ya tafi aikinsa shi kaɗai: ya lalubi teburin lauya, ya ɗauki takardar da ke sama, ya ninke ta huɗu, ya sunkuya kamar mai gyara takalmi. Lauya a lokacin ya juya yana magana da magatakarda. Na buɗe baki zan yi magana sai aka buga ƙofa, kowa ya miƙe.

Mai shari'a mace ce mai shekaru, da ganin fuskarta ka san ta ji ƙarya iri-iri har ta daina mamaki. Ta dubi kujerar ta saman tabarau.

“Wannan fa? Mun rasa wurin zama ne?”

Lauya ya tashi zai yi bayani, Injiniya ya riga shi. “Shaida ce, ranki ya daɗe. An ce kujerata tana rawa. Ga ta nan, ta yi mu gani.”

Ya zauna daram. Shiru. Ya karkata dama, ya karkata hagu. Ko motsi. Ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya juyo yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. “Shekara ashirin da biyu ina sana'ar nan ban taɓa riƙe tef ba. A rubuta wannan ma.”

“An rubuta,” in ji mai shari'a. “Lauya, ba ni takardar da aka buga sharhin a kai, wadda kotu ta sa wa hatimi.”

Lauya ya duba tebur. Ya buɗe fayil. Ya zazzage jaka. Ya laluba aljihun kwat, har cikin hular magatakarda sai da ya leƙa. Ni kuwa na toshe baki da hannu biyu, amma abin ya fi ƙarfina, ya fito ta hanci.

“Kai mai jar riga, kotu ce ke ba ka dariya?”

“A gafarce ni, ranki ya daɗe. Takardar ce… tana ƙarƙashin shaida.”

Magatakarda ya zagayo, ya durƙusa, ya ce wa Injiniya ya ɗan ɗaga. Ya zaro takarda a ninke huɗu, hatimin kotu a jikinta, sawun ƙafar kujera a tsakiyar hatimin. Injiniya ya koma ya zauna.

Ƙwas. Ƙwas-ƙwas.

Injiniya ya riƙe numfashi don kada ya motsa, kujerar ta ƙara cewa ƙwas don kanta.

“Ranki ya daɗe,” ya ce, “ƙasa ce ba daidai ba.”

“Kotuna ce ba daidai ba?”

“A'a, wato nan wurin ne kawai.”

“To nemi inda ya yi daidai. Muna jira.”

Ya ja ta gaban magatakarda: ƙwas. Ya kai ta bakin taga: ƙwas. Ya kai ta kusa da tela, tela ya matsa masa da ladabi: ƙwas-ƙwas. Mai shayi ya ce a gwada bango. Da abin ya ishe shi sai ya ce nauyi ne bai isa ba, kujerar manya ce, ya haye kanta da ƙafa biyu ya tsaya. Kujerar ta yi dama, shi ya yi hagu. Sai ga Injiniya rungume da lauyansa a ƙasa, tabarau a wani wuri, takalmi a wani wuri. Mai shari'a ta buga guduma sau biyar kafin a ji ta, kuma na lura ita ma ta ɗan daɗe tana duba wani abu a ƙarƙashin teburinta.

Ya tashi yana kakkaɓe riga, bai saduda ba. “Ko da ta ɗan motsa, ranki ya daɗe, wa ya ba tela izinin faɗa wa duniya? A hukunta shi!”

“Mutum ba ya neman izini kafin ya ce kujera ta ji masa ciwo,” in ji ta. Ta warware takardar, ta karanta sharhin da ƙarfi, ta juya wurin tela. “Baba, kai ka rubuta wannan?”

Tela ya miƙe, hula a hannu. Kafin ya amsa sai aka ji wata murya.

“Ni ce.”

Daga benci na ƙarshe muryar ta fito. Matar Injiniya ta tashi a hankali, hannu a ƙugu.

“Ni ce Mai Ciwon Ƙugu, ranki ya daɗe. A sallami bawan Allahn nan, ba ruwansa. Kujerar tana ɗakina, a kanta nake tsintar shinkafa, a kanta na yi renon yara uku. Na yi shiru ne ina jiran maigida ya gaji ya janye, ashe ba zai gaji ba.”

Injiniya ya juya kamar an kira shi daga nesa. “Ke? Maman yara, ke? Me ya hana ki faɗa mini a gida?”

“Shekara goma sha ɗaya ina faɗa maka a gida, Maigida. Da safe na faɗa, da rana na faɗa. Ka ce ƙasa ce. Mun tashi daga wancan gida mun koma wannan, ka ce ita ma ƙasar ce. Sai na rubuta a waya. Minti biyu ba a yi ba na ji ihunka daga ƙarshen layi.”

Wannan karon ba wanda ya yi dariya, har mai shayi. Ni dai tausayi ne ya kama ni, nata da nasa duka.

Mai shari'a ta kori ƙarar, ta sa ya ba tela haƙuri a tsaye a gaban kowa. Ta ce ya kwashe shaidarsa kafin ta ji wa wani rauni.

Da muka dawo layi mun tarar har an jingina tsani a ƙofar shagonsa. Ba wanda ya ce shi ya kawo. Injiniya ya hau, ya kwance allon da hannunsa kamar yadda ya yi alkawari. Yana saukowa mai shayi ya ce, “Sannu da aiki, kafinta.” Ya ajiye allon, ya ce, “Yauwa.” Daga nan ya tsallaka hanya, ya daɗe tsaye a ƙofar tela yana susar ƙeya, sannan ya ce a ara masa tef.

Sai dai ba wanda ya gaya masa tef ɗin tela fuska biyu gare shi, inci a gefe ɗaya, santimita a ɗayan. Ya nufi gida wurin kujerar matarsa, ya auna ƙafa biyu da wannan fuska, biyu da waccan. Ya yanke, ta ƙara rawa. Ya sake yankewa. Yarana da ke wasa da nasa sun ce har la'asar ana jin zarto a gidan.

Washegari da safe ya shigo shagona, wannan karon da sallama. Ya miƙo waya.

“Mai waya, an taɓa rubutun nan. Karanta mini, idona ba ya gani sosai yau.”

Mai Ciwon Ƙugu ta gyara sharhinta. Taurari sun zama biyu. Ta rubuta: “Kujerar ta daina rawa, domin ba ta da sauran ƙafa. Yanzu kusan a ƙasa nake zaune. Amma na yi magana ya ji.”

“Biyu kacal?” ya ce. “Zan ɗaukaka ƙara.”

Na dube shi. Ya dubi wayar.

“Sake karanta mini layin ƙarshen.”

Na sake karantawa. Ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙwala kira tsallaken hanya, da muryar nan tasa da ba ta san hankali ba:

“Tela! Zo ka nuna mini wace fuskar ake karantawa!”